Tsibiran Foge: Mafakar namun daji da tsuntsayen ruwa a tsakiyar Tafkin Kainji

Tsibiran Foge wasu tuddai ne da ruwa ya kewaye a tsakiyar Tafkin Kainji, a kan iyakar jihohin Kebbi da Neja. Faɗinsu ya kai hekta 4,229, wato kimanin murabba'in kilomita 42, kuma ana lissafa su cikin yankin da ke ƙarƙashin kariyar Gandun Dajin Ƙasa na Tafkin Kainji. A ranar 30 ga Afrilu, 2008 aka shigar da su cikin jerin dausayoyi masu muhimmanci ga duniya a ƙarƙashin Yarjejeniyar Ramsar. Babu hanyar mota da ke kaiwa can. Wanda zai je sai ya shiga kwalekwale ko jirgin ruwa mai inji daga ɗaya daga cikin garuruwan gaɓar tafkin.

Duk da nisansu, tsibiran suna da alaƙa ta kai tsaye da manomin shinkafa na fadamun Diggi da Kalgo a masarautar Gwandu. Ruwan da ke malala a waɗannan fadamu cikin damina yana bin gulbi ya gangara kudu ya faɗa Kogin Neja, wanda Hausawa suka fi sani da Kwara, daga nan ya wuce Yawuri ya shiga tafkin. Yawan wannan ruwa da lokacin zuwansa suna cikin abubuwan da ke tsara rayuwar kifi da tsuntsaye da dabbobin da ke zaune a Foge.

Yadda tsibiran suka samu

Kafin shekarar 1968, Foge tsibiri ɗaya ne babba. A wurin, Kwara ya rabu gida biyu, ya kewaye wata shimfiɗaɗɗiyar ƙasa mai albarka, sannan rassan biyu suka sake haɗuwa a kudu. Akwai ƙauyuka da gonaki a kan wannan ƙasa, kuma makiyaya kan kai dabbobinsu can da rani saboda ciyawar da ba ta bushewa da wuri.

An fara gina madatsar ruwa ta Kainji a 1964, aka kammala a 1968, sannan Shugaban Ƙasa na lokacin, Janar Yakubu Gowon, ya buɗe ta a watan Fabrairun 1969. An gina ta ne musamman domin samar da wutar lantarki, kuma injinanta suna da ƙarfin megawat 760. Da aka toshe kogin, ruwa ya taru a bayan madatsar ya zama tafki mai tsawon kimanin kilomita 136, wanda faɗinsa ya kai kilomita 24 a inda ya fi buɗewa. Idan ya cika yakan rufe ƙasa mai faɗin murabba'in kilomita kusan 1,270.

Wurin da tafkin ya fi faɗi shi ne daidai inda tsohon tsibirin yake. Ruwa ya shanye mafi yawan ƙasar Foge, ya bar wuraren da suka fi tudu kawai. Waɗannan ragowar tuddai su ne ake kira Tsibiran Foge a yau.

Aikin madatsar ya tashi mutane kimanin 44,000 daga garuruwa da ƙauyuka fiye da 200, aka gina musu sabbin matsugunai a kan tudu. Tsohon garin Bussa, inda ɗan yawon binciken nan na Birtaniya Mungo Park ya halaka a 1806, yana ƙarƙashin ruwa yanzu, kuma Sabon Bussa ne ya maye gurbinsa. Daga cikin waɗanda tashin ya fi shafa akwai Gungawa, waɗanda ke kiran kansu Bareshe. Sunan da Hausawa suka ba su ya samo asali ne daga kalmar gungu, wato tsibiri, domin a kan tsibiran kogi suka yi zamansu shekaru aru-aru, suna noman albasa ta hanyar ban-ruwa da kamun kifi. Tare da su akwai Lopawa da Kambari da Shangawa da Bussawa, sai kuma Sarkawa, masunta 'yan asalin ƙasar Kabi da suka daɗe suna bin kogin.

Farin ruwa da baƙin ruwa

Wanda yake son fahimtar rayuwar Foge sai ya fara sanin cewa Kwara yana cika sau biyu a shekara a wannan yanki.

Cikar farko ita ce farin ruwa, wadda ke zuwa daga watan Agusta zuwa Oktoba. Ruwan saman da ya sauka a ƙasashen kusa ne, musamman a kwarin Gulbin Sakkwato da Rima. Gulbin Sakkwato ya taso ne daga wajajen Funtuwa, ya haɗu da Rima kusa da birnin Sakkwato, ya ratsa Argungu da Birnin Kebbi da ƙasar Kalgo, ya karɓi ruwan Gulbin Zamfara da na Ka, kafin ya faɗa Kwara. Wannan ruwa yana zuwa da laka da farar ƙasa mai yawa, shi ya sa launinsa ke zama kamar koko.

Cika ta biyu ita ce baƙin ruwa, wadda ke isowa daga Disamba zuwa Fabrairu, a tsakiyar rani. Ruwan saman da ya sauka a tsaunukan ƙasar Gini ne, inda kogin mai tsawon kimanin kilomita 4,180 ya samo tushe. Wannan ruwa yakan ɗauki watanni yana ratsa manyan fadamun ƙasar Mali, inda lakarsa ke kwantawa, sai ya iso Najeriya a tace, da duhun launi.

Saboda waɗannan cika biyu da kuma sakin ruwa domin juya injinan lantarki, tafkin yana hawa da sauka da kimanin mita 10 a kowace shekara. Yana kaiwa matuƙar cika bayan isowar baƙin ruwa, sannan ya riƙa janyewa har zuwa tsakiyar damina. A wuri mai shimfiɗa kamar Foge, saukar mita 10 tana nufin ƙasa mai faɗi sosai za ta fito fili. Tsibiran kan girma, kududdufai su bayyana, ciyawa ta tsiro a kan sabuwar laka. Idan ruwa ya dawo ya rufe wannan ciyawa, sai ta zama abinci da maɓoya ga 'ya'yan kifi. Wannan juyi na kowace shekara shi ne tushen albarkar wurin.

Muhimmiyar ciyawa a wannan yanayi ita ce burgu, wadda ke tsiro a bakin ruwa, tana kuma yin tsayi gwargwadon yadda ruwan ke hawa. Dorina da ayu suna cin ta, shanu ma suna samun ta da rani lokacin da makiyaya ta ƙare a tudu.

Dabbobin da ruwa ya rutsa da su

Lokacin da tafkin ya cika, wasu namun daji sun gudu zuwa tuddan Foge, ruwa kuma ya yanke su daga sauran daji. Bayanan da aka yi wa tsibiran rajista da su a 2008 sun ambaci ragowar kanki da gwambaza da birai irin kirka, tare da dorina. Ƙaramin garke da ya keɓe a tsibiri yana cikin haɗari na musamman. Idan mafarauta suka kashe kaɗan daga cikinsa, ko cuta ta shiga, babu wani garke daga waje da zai zo ya cike gurbin.

Dorina ce mafi girman dabbar da ake gani a wurin. Namiji yakan kai kilo 1,500, wasu har su zarce haka. Tana yini a cikin ruwa domin fatarta ba ta jure zafin rana, tana iya nutsewa kimanin minti biyar ba ta ɗago kai ba, da dare kuma ta fito tudu ta yi kiwo. Dorina ɗaya takan ci ciyawa kusan kilo 40 a dare guda. Tana ɗaukar ciki wata takwas, ta haifi ɗa ɗaya, kuma ba ta haihuwa kowace shekara. Kashin da take zubarwa cikin ruwa taki ne ga ƙananan halittun da kifi ke ci. Sai dai zama da ita ba shi da sauƙi. Uwa mai ɗa takan kife kwalekwale, kuma garke ɗaya zai iya cinye gonar shinkafa kafin gari ya waye. Wannan rikici tsakanin dorina da manoma sananne ne a gaɓar kogin a ƙasar Yawuri, kuma yana ƙaruwa ne gwargwadon yadda gonaki ke matsawa bakin ruwa.

Ayu shi ne mafi ɓoyuwa. Dabba ce mai shayar da 'ya'yanta nono, ba kifi ba, kuma sai ta ɗago hanci ta shaƙi iska. Tsawonta yakan kai mita uku, abincinta kuwa galibi ciyayin ruwa ne. Tana ɗaukar ciki kimanin shekara guda, ta haifi ɗa ɗaya, ta daɗe tana renonsa. Wannan jinkirin haihuwa ne ya sa farautarta ke yin ɓarna sosai. An daɗe ana neman ayu saboda namansa da kuma man ayu da masu maganin gargajiya ke sayarwa, wasu kuma suna mutuwa ne cikin kalli da aka ɗana domin kifi. Madatsun ruwa sun ƙara masa matsala, domin ayun da ke bayan madatsar Kainji ba shi da hanyar haɗuwa da na ƙasanta. Ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sanya ayu da dorina duka cikin jerin dabbobin da ke fuskantar barazana, kuma tun 2013 yarjejeniyar CITES ta haramta cinikin ayu da sassan jikinsa tsakanin ƙasashe.

Bayan waɗannan, akwai kada da guza da kififiya da mesa a gaɓar tafkin da cikin kududdufai.

Tsuntsaye

An lissafa nau'in tsuntsaye fiye da 180 a tsibiran, kuma wannan yana cikin manyan dalilan shigar da su jerin Ramsar. Wasu mazauna ne duk shekara, kamar dinya da kirinjijiya da zalɓe da balbela. Wasu kuwa baƙi ne da ke tasowa daga Turai da yammacin Asiya idan sanyi ya tsananta a can. Sukan ratsa teku da hamadar Sahara, su iso daga watan Oktoba, su koma wajen Maris ko Afrilu. Tsuntsun da ya yi tafiyar dubban kilomita yana buƙatar wurin da zai sauka ya ci ya ƙoshi ba tare da an kore shi ba. Lakar da ruwa ya janye ya bari tana cike da tsutsotsi da ƙananan katantanwa, tsibiri kuma ya fi gaɓa kwanciyar hankali saboda ƙarancin mutane da karnuka.

Abin da ya faru da gauraka darasi ne a kan makomar tsuntsayen fadama. Dattawa a ƙasar Hausa suna tuna lokacin da ake jin kukanta a fadamu da yawa, har aka ɗauke ta a matsayin tsuntsuwar ƙasa ta Najeriya. Yau ganin ta a daji a ƙasar nan ya zama abu mai wuya, saboda kama ta da ake yi ana ajiyewa a gidajen masu hali, da kuma mayar da fadamun da take yin sheƙa gonaki.

Kifi da masunta

Ruwan da ke kewaye da Foge ba shi da zurfi, don haka yana cikin wuraren da kifi ke hayayyafa. Ana samun giwan ruwa da karfasa da tarwaɗa da ƙurungu da yauni da balli da faliya da tsage, da ƙananan kifayen nan da masuntan tafkin ke kira warangi, waɗanda ake shanyawa a kai kasuwanni. Busasshen kifin da ke fitowa daga Yawuri da Warra da Malale yana kaiwa kasuwanni masu nisa a Arewa da Kudu.

A shekarun farko bayan cikar tafkin, kifi ya yi yawa ƙwarai, domin ciyayi da itatuwan da ruwa ya rufe sun ruɓe sun zama abinci. Faliya ce ta fi cin moriyar wannan yanayi. Masunta suka yi ta kwararowa daga wurare daban-daban. Bayan 'yan shekaru kamun ya ragu, kamar yadda aka saba gani a sabbin tafkuna.

Babbar matsalar da ta biyo baya ita ce amfani da taru mai ƙananan idanu, wanda ake kira dala, da ake ja daga bakin gaɓa. An yi shi ne domin warangi, amma yana kwashe 'ya'yan manyan kifaye kafin su girma su yi ƙwai. A shekarun 1990 wani shirin haɗin gwiwa tsakanin Najeriya da Jamus ya yi aiki da sarakunan ruwa da masarautu a kan wannan batu, jihohin Kebbi da Neja kuma suka kafa dokokin su da suka hana irin wannan taru, suka tanadi lasisin kamun kifi. Tsarin bai zo wa mutanen Kebbi a matsayin baƙon abu ba. A Argungu, al'adar hana su a Matan Fada har sai ranar biki ta daɗe tana ba kifi damar girma, kuma hukumar UNESCO ta shigar da bikin cikin al'adun gado na duniya a 2016.

Cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta ƙasa tana Sabon Bussa, haka ma Kwalejin Tarayya ta Kula da Namun Daji.

Gandun dajin da dokokinsa

Gandun Dajin Ƙasa na Tafkin Kainji shi ne na farko irinsa a Najeriya. An kafa shi a 1979 ta hanyar haɗa gandun Borgu da na Zugurma. Faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 5,340. Sashen Borgu, mai kimanin 3,970, yana yamma da tafkin, Kogin Oli kuma ya ratsa ta cikinsa. Sashen Zugurma, mai kimanin 1,370, yana kudu maso gabas. An san gandun da ɓauna da gwanki da mariya da mazo da gada da gadu da gwaggon biri, da zaki da damisa da kura. Hukumar Kula da Gandun Daji ta Ƙasa ce ke tafiyar da shi.

Doka ta hana farauta da sare itace da kiwo da cinna wuta a cikin gandun ba tare da izini ba. Akwai kuma dokar kare dabbobin da ke cikin haɗarin ƙarewa ta 1985, wadda aka yi wa gyara a 2016 aka ƙara yawan tara. Ita kuwa Yarjejeniyar Ramsar, wadda aka rattaba wa hannu a garin Ramsar na ƙasar Iran a ranar 2 ga Fabrairu, 1971, ba ta kori mutane daga dausayi ba. Abin da ta nema shi ne a ci moriyarsa ta hanyar da ba za ta kashe shi ba. Tafkin Nguru ne wuri na farko da Najeriya ta yi wa rajista a ƙarƙashinta.

A saman kogin, a Jamhuriyar Nijar, akwai gandun W, wanda aka kafa a 1954. Ya samu sunansa ne daga yadda Kwara ya lanƙwashe a wurin kamar wannan harafi, kuma UNESCO ta sanya shi cikin wuraren gado na duniya a 1996. Kogi ɗaya ne ya haɗa gandunan biyu, don haka abin da ya taɓa ruwan gandun W yana gangarowa ya isa na Kainji.

Barazanar da ake fuskanta

Abu na farko shi ne canjin yadda ruwa ke zuwa. Madatsun Bakolori da Goronyo suna riƙe wani kaso na farin ruwa, madatsun Mali suna riƙe na baƙin ruwa, ga kuma madatsar Kandaji da Nijar ke ginawa. Idan lokacin cika ya kauce, hayayyafar kifi da tsiron burgu suna kaucewa da shi.

Na biyu shi ne abin da ruwan ke ɗauke da shi. Bunƙasar noman shinkafa a Kebbi ta zo da ƙarin takin zamani da maganin ƙwari da na ciyawa, kuma ragowarsu na bin gulbi. Sare itatuwa a bakin koguna yana ƙara yawan ƙasar da ke zaizayewa ta cike tafkin. Baƙuwar kainuwar nan mai shuɗin fure, wadda asalinta daga Kudancin Amurka ne, ta shigo tafkin daga saman kogin a ƙarshen shekarun 1980. Tana toshe hanyar jirage, tana lalata komar masunta, tana kuma rage iskar da kifi ke shaƙa a cikin ruwa.

Na uku shi ne rashin tsaro. A 'yan shekarun nan 'yan bindiga sun samu mafaka a sassan dajin Borgu, abin da ya durƙusar da yawon buɗe ido, ya kuma takura wa sintirin ma'aikatan gandun. Inda babu sintiri, mafarauci da mai saran katako ke samun sarari.

Tafiya a kan tafkin ma tana da haɗarinta. Kututturan itatuwan da ruwa ya rufe tun 1968 suna nan a ƙarƙashi, iska kuma takan tashi farat ɗaya a farkon damina. A ranar 26 ga Mayu, 2021, wani jirgin ruwa maƙare da fasinjoji ya tarwatse kusa da Warra a Ƙaramar Hukumar Ngaski, mutane da dama suka rasa rayukansu. Lodi fiye da kima da rashin rigar kariya da tafiyar dare su ne abubuwan da hukumomi suka fi gargaɗi a kansu.

Abin da ya shafi mazauna birni

Ɗan kasuwar da ke sayen kifi a Birnin Kebbi ko Sakkwato ko Kano yana da hannu a makomar wannan wuri. Muddin akwai mai sayen 'ya'yan kifi da man ayu da gauraka mai rai, za a samu mai kamo su. Ma'aikacin da ke raba filayen noma a fadama, ko ke bayar da lasisin su, ko ke tsara sakin ruwa daga madatsa, shi ma shawararsa tana isa Foge, ko da bai taɓa taka tsibiran ba. Barin zirin ciyawa tsakanin gona da bakin ruwa yana rage shigar dorina gona, yana kuma tare ƙasa da magani kafin su faɗa kogi. Mutunta lokacin hana su yana ƙara girman kifin da za a kama baɗi. Waɗannan matakai suna farawa ne daga sama, a fadamun Argungu da Kalgo da Diggi da Bunza, inda farin ruwa ke bi kowace damina kafin ya isa tafkin.